Hasashenka na Huɗu

Zuwa ga Abban yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan naka? Auta ta ce in tambaye ka ko ka sayi kujerar da likita ya ce, ko har yanzu kana kan waccan mai karyayyen majingini. Inna na gaishe ka, ƙafarta da sauƙi, alhamdu lillahi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. A waya ka fi ni baki. Kafin in haɗa magana ɗaya ka yi uku, sai in tsinci kaina ina cewa "to, shi ke nan", alhali ba shi ke nan ba. A takarda kuwa dole ka bari in kai aya.

Na ga hasashenka na bana. Kamar kowace shekara, Auta ta kunna mana bidiyon kamfaninku a falo, muka zauna ni da ita da Inna. Ka yi kyau cikin farar rigar nan da na goge maka, kuma na ji daɗin yadda ɗakin taron ya yi tsit lokacin da ka fara jero abubuwa goma da ka hango za su faru a duniyar manhaja kafin shekara ta ƙare. Na farko zuwa na uku na gyaɗa kai. Sai ka zo na huɗu. Ka ce ƙananan ajujuwan da ake koyar da rubuta manhaja a cikin unguwanni duk za su rufe kafin ƙarshen shekara, domin yanzu na'ura na rubuta wa kowa abin da ya nema da bakinsa. Ka ƙara da cewa mai koyon wannan abu ya nemi wata sana'a tun da sauran rana. Aka tafa maka.

Auta ta dube ni ta sunkuyar da kai. Inna ce, da yake ita ba ta iya ɓoye abu ba, ta ce, "Wai ba abin da kike koya wa mata a gareji ke nan ba? Yaron nan da bakinsa?" Na ce mata ruwan shayi ya tafasa, na tashi.

Abban yara, kai ka koya mini wannan aiki. Ka tuna tsohuwar kwamfutar nan mai gurnani kamar tana jin yunwa? Bayan na yaye Auta ka zaunar da ni a gabanta, kana dariya wai ina haddace umarni ina rangaji kamar ina gaban malaminmu na allo. Tun ranar ka laƙaba mini Gwana. Kai ka fitar da mota daga gareji, kai ka kira kafinta ya ƙera bencina, kai ka ce matan unguwa su ma su samu abin da na samu. Ban roƙe ka ba.

Yanzu ga abin da ya biyo baya. Bidiyon ya zaga wayoyin unguwa, ba don sun damu da sauran taran ba, sai don wai mijin Malama ne ya faɗa. Da baƙo ne ya faɗa, da ba wanda zai ɗaga kai. Mata suka fara zamewa, wannan ta ce ciwon kai, waccan ta ce baƙi. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai walda na bakin titi. Ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa cikin ladabi, ya ce, "Malama, ba raini ba ne. Amma in mai gida da kansa ya ce rufinsa zai faɗo, ai baƙo ba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi." Ya tafi da matarsa. Ita ce ta fi kowa kai a ajin nan, kuma da goyo take zuwa, ba ta taɓa fashi ba. Ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Ban gwada na'urar nan ba tukuna, kuma an hore mu kada mu yi magana a kan abin da ba mu sani ba. Abin da kawai nake cewa shi ne, da ka gaya mini a ɗaki kafin ka gaya wa duniya a dandali.

Ajin yana nan. Ranar Asabar za mu buɗe, in sha Allahu, ko da mutum nawa suka zo.

Ka kula da bayanka, ka rage zama. Wassalam.

Taka,
Gwana

*

Zuwa ga Abban yara,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya, da abokan aikinka baki ɗaya. Mun ga saƙon maganin Inna, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Auta ta gama jarrabawa, tana ta barci kamar an biya ta.

Na gwada na'urar taku. Na ce ba zan yi maganarta ba sai na gani da idona, to gani ya kori ji. Tana rubutu, kuma tana da sauri. Abin da zan yi yini ina saƙawa layi bayan layi, ita kafin in kurɓi shayi ta zubo shi. Ba zan tauye mata haƙƙi don ina jin haushi ba. Mai yiwuwa ka yi daidai a kan duniya. Na ma shigo da ita ajin, muna ba ta aiki, mu zauna mu bi abin da ta rubuto kamar yadda ake bin allon ɗalibi, mu gane me ta yi da dalilin da ta yi shi. Ɗalibaina sun fi son haka, ni ma ban ƙi ba.

Na ce ɗalibaina, to bari in faɗa maka gaskiyar adadinsu kada wani ya riga ni. Saura biyu. Akwai wata budurwa mai aiki a kantin magani, ita ma ƙafarta ɗaya a waje take. Sai Inna Nas, tsohuwar ma'aikaciyar jinyar nan mai ritaya ta bayan layinmu, wadda ta taɓa yi maka allura kana ihu. Ita ta ce ko gini zai rushe a kanta sai ta gama abin da ta fara. Wata 'yar manhaja take haɗawa da za ta riƙa tuna wa tsofaffin unguwa lokacin shan maganin hawan jini, da muryarta, da faɗanta. In ka ji yadda ta ɗauki muryar sai ka yi dariya: "Baba, na san ka ji ni, tashi ka sha." Da yatsa biyu take bugawa, tabarau a kan hanci, tana zagin madannai.

Ita ce ma ta sa ni dariyar da na daɗe ban yi ba. Rannan ta ce wa na'urar ta rubuto mata hasashe goma na shekara mai zuwa. Ta rubuto su reras, har da irin tsayawar nan taka kafin ka faɗi na ƙarshe. Inna Nas ta cire tabarau ta ce, "To Malama, ki gaya wa maigidan shi ma ya nemi wata sana'a tun da sauran rana." Na ce ta ji tsoron Allah, amma na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A wayarmu ta shekaranjiya ka ce in rufe ajin in huta, idona ya fara gajiya, in zo in zauna wurinka wata biyu tunda Auta na gida za ta kula da Inna. Na ji daɗi har zuciyata, domin rabon da ka ce in zo an daɗe. Sai can wajen ƙarshe, kana tsammanin na riga na amince, ka ce dama oganku yana son misali na zahiri da za a nuna a taron ƙarshen shekara, ranar da kake tsayawa ka ba kanka maki a kan abin da ka hango, wanne ya cika wanne bai cika ba. Ka ce misalin cikin gida ya fi shiga zuciya.

Na yi shiru a wayar, ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba.

Na san makin nan ba wasa ba ne a wurinka. Na san da shi ake gayyatarka taro, da shi oga ke kallonka da daraja, kuma shekara da shekaru ba ka taɓa yin ƙasa da takwas ba. Ina alfahari da hakan. Amma mutumin da ya dubi bango ya ce zai faɗi bana, aikinsa ya koma gefe ya zuba ido. In ya je ya jingina da shi yana turawa da kafaɗa, wannan ba hange ba ne kuma. In ajin nan zai mutu, ya mutu da kwanansa, ba da hannun mijina ba, ba kuma da nawa ba don in cika masa lissafi.

Zan zo wurinka duk lokacin da ka ce, daga Lahadi zuwa Juma'a. Asabar kam tana da masu ita.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin rashin kunya. Ka san ni, ban iya ɗaga murya ba, shi ya sa nake rubutawa. Inna ta ce ka daina cin abincin kan titi.

Taka har kullum,
Gwana

*

Abban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya, kuma gajiyar hanya ta sake ka. Mu duk lafiya lau. Ka yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce.

Na ga tallan taron ƙarshen shekara da kamfaninku ya sa a shafinsa. Na ga hoton. Bencina ne, allona ne, har da gorar ruwan Inna Nas da ta manta a kan taga. A ƙarƙashi an rubuta cewa ga wani aji da a da yake cike da mata, yau an rufe shi, hasashe na huɗu ya cika.

Na zauna na yi ta tunanin yaushe aka ɗauka. Sai na tuna zuwanka na makon jiya, da safen nan da ka ce in ba ka makullin gareji za ka duba wayar wuta da ke tartsatsi. Na ba ka, har na yi maka addu'a a zuciyata don ka tuna da ajin. Ranar Talata ce, Abban yara. Kai ka san ba ma zama ranar Talata.

Ba zan ce ka yi da mugun nufi ba, Allah kaɗai ya san zukata. Mai yiwuwa ka ce a ranka mutum biyu ai ba aji ba ne, rufewa ce ta rage a faɗa. Mai yiwuwa ma ba kai ka rubuta kalmomin ba, wani ne a ofis. Amma hoton daga wayarka ya fita, kuma kalmar da ke ƙarƙashinsa ba gaskiya ba ce. Ba a rufe ba. Budurwar kantin magani ta daina zuwa, wannan gaskiya ne, ka ga na ba ka wannan kyauta. Saura Inna Nas. Mutum ɗaya da malamarsa a ɗaki, ƙofa a buɗe, karatu ne. Malaminmu na allo ya taɓa shekara guda da ɗalibi ɗaya tal bayan an yi ƙaura daga unguwarsu, ba wanda ya ce makarantarsa ta tashi.

Ga abin da ba ka sani ba. Matar mai walda ta daɗe tana lallashin mijinta. Duk sanda ta wuce kai masa abinci sai ta leƙo ta gaya mini inda aka kwana, har ya ce mata in shekara ta juyo ajin na nan, ta koma. Jiya ta zo ba ta ko zauna ba. Ta ce ya nuna mata hoton a wayarsa ya ce, "Ga shi nan, mai ɗakin ma ya yi masa sallar gawa, ke me za ki je yi?" Ta ce ta rantse masa ta ga Inna Nas a ciki ranar Asabar da idonta, ya ce ita da mijin Malama wa ya fi sanin gidan Malama. Ka ga inda maganarka take kaiwa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni ba na fushi da na'ura.

To ga abin da na yanke, kuma ina gaya maka tun kafin in yi, domin ban taɓa yin abu a bayan idonka ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Ina roƙonka ka sa a cire hoton, ko a gyara abin da aka rubuta. In Asabar ta zo ta same shi yadda yake, zan rubuta a ƙarƙashinsa, inda kowa ke rubuta ra'ayinsa, cewa ni ce mai ajin kuma yana buɗe. Ba zan zage ka ba, ba zan ce mijina ne ba, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane. Shaida ce kawai, kuma wanda ya san gaskiyar abu ya yi shiru ana faɗin akasinta, da shi aka faɗa.

Na san wannan zai yi maka zafi a gaban oga. Na yi kwanaki ina juya shi, na yi ta neman zaɓin Allah. Da akwai wata hanyar da za ta rufa maka asiri ba tare da ta binne ni da rai ba, da ita na bi. In ka san ta, ka nuna mini kafin Asabar.

Wayar wutar tana nan tana tartsatsinta.

Matarka,
Gwana

*

Zuwa ga Abban yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Inna da Auta. Yaya jikinka, yaya bayan? Kwana biyu ba mu ji muryarka ba. Inna kullum sai ta tambaya, ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa, kuma ina fata ban yi mata ƙarya ba.

Ka riga ka ga abin da na rubuta, amma ina so ka ji yadda aka yi daga bakina. Asabar ta zo, na duba shafin da safe, na sake dubawa bayan azahar, yana nan yadda yake. Na zauna a gaban kwamfuta. Inna Nas na gefena tana cewa in matsa ta rubuta da kanta, na ce a'a, domin na san irin abin da za ta rubuta. Layi uku na yi. Na ce ni ce mai wannan aji, ba a rufe shi ba, muna zama kowace Asabar, ɗaliba ɗaya ta rage kuma tana gab da gama aikinta. Auta ta ɗauke mu hoto a kan bencin nan dai, da gorar ruwan a kan taga, muka haɗa. Na yi bisimilla na tura. Daga nan na shiga ɗaki na yi kuka, ba na nadama ba.

Na ji labarin abin da ya biyo baya, ba daga gare ka ba. Matar abokin aikinka ta kira ni, rabi jaje rabi gulma, ta ce a ofis ana tsokanarka wai kai ne malamin duban da ajin matarsa ya ƙi mutuwa. Ta ce oga ya kira ka ofishinsa ya rufe ƙofa. Wallahi ban ji daɗi ba. Ban yi don a yi maka dariya ba, kuma duk wanda ya yi maka dariya a gabana zai ga ashe ina da murya.

Sai ranar taron. Ban yi niyyar kallo ba, Inna ce ta ce a kunna. Ka fito, ba cikin farar rigar ba, cikin wata da ban sani ba wadda ba a goge wuyanta da kyau ba. Da ka zo na huɗu ka ɗan tsaya. Ka ce ajujuwa da yawa sun rufe kamar yadda ka hango, amma kai cewa ka yi duka, kuma akwai wanda ka sani da bai rufe ba, saboda haka wannan ba ka ci shi ba. Ka ba kanka bakwai. Ba ka dubi kyamara ba lokacin da ka faɗa. Inna ta ce, "Bakwai ɗin ma ai ta yi masa yawa," amma na ga tana goge ido. Ni kuwa ban taɓa ganin ka yi tsawo a idona kamar lokacin ba, ko a shekarun da ka ci tara.

Asabar da ta wuce ina buɗe gareji sai ga mai walda da kayan aikinsa, matarsa na biye da shi da goyo. Bai yi dogon bayani ba. Ya girgiza ƙofar ya ce, "Malama, ƙofar da ta ƙi rufuwa ai gara a ƙara mata ƙarfi," ya durƙusa ya gyara maratayinta da ya daɗe yana kuka. Matar ta wuce ta zauna a wurinta na da kamar jiya ta tashi. Inna Nas ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "'Yar nan kin makara da wata goma sha ɗaya, buɗe na'urarki." Yanzu mu uku ne. Manhajar maganin ta fara aiki a wayoyin tsofaffi biyar, Inna ce ta farko, kuma tana rama faɗan duk lokacin da muryar ta kira ta.

Na san lokacin sabon hasashe ya ƙarato, kana can kana haɗa goman shekara mai zuwa. In ka duba ka ga har yanzu ajujuwa irin nawa ba za su kai labari ba, ka faɗa, kada ka tauye aikinka don ni. Mai yiwuwa a wannan karon ka ci, gobe ta Allah ce, ba taka ba, ba tawa ba. Kai ka faɗi abin da ka hango, ni in buɗe ƙofata, shekara ta raba mu gardama. Abu ɗaya na roƙa, in riga duniya ji.

Na ba direban motar kamfaninku farar rigar, na wanke na goge, kada ka sake fita da waccan. Ka zo gida, Abban yara, fushin ya isa haka. Wayar wutar nan har yanzu tana jiran mai ita. In kuma za ka zo da kyamara, ka zo ranar Asabar bayan la'asar. Lokacin muke ciki.

Wassalam. Taka, jiya da yau,
Gwana